Koriyar Saniyar Injiniya Tsoho

A layin shagunan Nassarawo, nan Mubi, babu wanda bai san Tsoho mai caja ba, domin ko ba ka neme shi ba muryarsa za ta neme ka. Tebur ɗaya gare shi da laima mai yagaggen gefe, yana sayar da caja da murfin waya. Sunan kakansa da ya zo daga Katsina ya ci, shi ya sa ake ce masa Tsoho tun yana rarrafe, amma shi sunan da ransa ke so Injiniya ne. Ya taɓa shanya wayar wani da ta faɗa cikin kunu, Allah ya sa ta tashi, tun daga ranar ya sa aka rubuta INJINIYA a jikin laimar da jan fenti.

Jikin teburinsa shagon Madam Margret yake, 'yar Michika, mai buga hotuna da fosta da katin biki. An san ta da abu ɗaya: kalarta ba ta ƙarya. In ka kawo hoton baƙin mutum, baƙinsa zai fito da sheƙinsa, in jan zani ne, ja za ka gani ba ruwan goro ba. Ba sa'a ba ce. Sati biyu matar nan ta yi tana gwada tawadarta a kan takardunta, tana bugawa tana gyarawa, har ta haɗa wasu 'yan fayiloli da ke gaya wa firinta yadda za ta cakuɗa kala. Masu sana'ar na kiransu furofayil.

Ranar da za ta je Michika duba mahaifiyarta, ta miƙa wa Tsoho makulli da hannu ɗaya, ta ɗaga masa yatsa da ɗayan.

"Malam Tsoho, kwana ɗaya ne. Mai karɓan aiki ya zo, ka ba shi. Fotokofi, ka danna koren maɓalli. Kwamfuta yana ta roƙo a yi masa ofdet, kada ka yarda. Ka ji ni?"

"Haba Madam! Ni kike gaya wa kwamfuta? Ni da ko barci nake na ji ƙarar inji sai na faɗi ciwonsa?"

"Shi ya sa nake maimaitawa. Kada ka yarda."

Ƙurar motarta ba ta kwanta ba Tsoho ya zauna a kujerarta ya miƙe ƙafa. Kwamfutar ta fito da saƙonta na roƙon a sabunta ta. Ya kalli saƙon, saƙon ya kalle shi, sai dabara ta faɗo masa mai girman gaske. Zai sabunta komai, shagon ya zama na zamani, Madam ta dawo ta riƙe baki, a sauke allon ƙofa a rubuta sabo: MARGRET DA INJINIYA TSOHO. Har ya fara tunanin ko sunansa ya kamata ya zo farko. Ya danna.

Awa uku kwamfutar na juya wani ɗan zobe tana mutuwa tana farfaɗowa. Hussaina mai ɗinki, wadda shagonta ke ɗaya gefen, ta leƙo da almakashi a hannu.

"Injiniya, ba wannan ne Madam ta hana ba?"

"Tsoro ne irin na wanda bai yi zurfi ba. Zo ki ga abin mamaki." Ya nuna mata wata sabuwar folda da ta bayyana, an rubuta mata *old* a jiki. "Kin san ma'anar wannan da Turanci? Tsoho! Daga zamana yau, kwamfuta ta buɗe mini folda da sunana."

"Me ke ciki?"

"Ba a buɗe kyautar girma a gaban mutane."

Washegari ranar kasuwar shanu ce. Da sanyin safiya wani dattijo dogo ya yi sallama, sanda a kafaɗa, takalmansa duk taɓo. Sunansa Zubair, daga Sorau ya taso tun asuba.

"Madam mai hoto yana nan?"

"Ta yi tafiya, Bappa, amma ka yi sa'a. Ka samu wanda ya koya mata."

Dattijon ya ciro ƙaramar waya daga cikin leda ya nuna hoto. Saniya ce ja, jan da ya yi duhu kamar manja, da farin goshi da manyan ƙaho.

"Woɗeye ke nan. Shekaranjiya a bakin mayo, kogi ke nan, ya bi garken wasu, an ce garken ya yi nan Mubi. Yana da ciki wata bakwai. Nonon shi jikoki na suke sha, uwan shi kuma baba na ya bar mini. In la'asar ya yi, tirela ya ɗauka ya yi kudu, shi ke nan." Ya miƙa wa Tsoho wayar. "Jan shanu dubu ne a kasuwa, Malam. Sai kalan shi ya fito daidai mutane za su gane."

"Bappa, kwantar da hankalinka. Minti biyar, za ka ji kamar ka tatsi takardar."

Ya rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe: CIGIYA. TA ƁATA DAGA SORAU. TANA DA CIKI WATA BAKWAI. BA TA HARBI, BA TA TUNKUYI, TANA SON DUSA DA KANWA. WANDA YA GAN TA YA KAWO TA BAKIN ƘOFAR KASUWA, AKWAI TUKUICI. Ya ɗora hoton a ƙasa ya danna bugu. Wani ɗan akwati ya fito da gargaɗi, ya kore shi bai karanta ba. Firinta ta yi nishi ta tofo takarda.

Saniyar ta fito koriya shar, kamar miyar kuka.

Zubair ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. "Malam, wannan saniyan ne ko ciyawan?"

"Da damina ka ɗauki hoton, ko? To shi ne. Ciyawa ta yi mata yawa a jiki, inji kuma na zamani ne, har cikin ciki yake gani."

Hussaina, wadda ta riga ta bar kekenta ta jingina da ƙofa, ta ce, "To ya nuna mana ɗan maraƙin mana."

"Hussaina, je ki yi ɗinkinki."

"Yau na ba kaina hutu."

Tsoho ya buɗe cikin firinta ya girgiza kwalaben tawada ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara ja har ya zubo masa a hannun riga. Ya sake bugawa. Wannan karon Woɗeye ta fito shuɗiya, sai ka ce an wanke ta da bula. Ya hura wa injin iska ta baya. Ya kashe ya kunna. Ya cire jar hularsa ya ɗora a kan firintar, wai don ta tuna yadda ja yake. Saniya ta uku ta fito da jiki kore, ƙaho ruwan hoda, ido kuwa ba a magana.

Kafin ƙarfe goma mai shayi ya bar tukunyarsa, mai faci ya bar tayarsa, ƙofar shago ta cika. Ana karɓar takardun ana zagayawa da su hannu zuwa hannu.

"Wannan ta Kamaru ce," in ji mai faci. "Shanun can haka suke."

"Ƙarya kake, wannan hawainiya ce ta yi ƙaho," in ji mai shayi.

Zubair kaɗai bai yi dariya ba. Yana ta leƙa rana. Can ya miƙe ya gyara sandarsa. "Malam, ni zan je in duba da ido na. Zan tsaya bakin ƙofa. Don Allah ka aiko takarda, amma ja. Ja, Malam."

Fitarsa ke da wuya Hussaina ta zame ta koma shagonta da waya a kunne tana magana ƙasa-ƙasa, ta dawo fuskar nan kamar ba ita ba.

Gumi ya fara keto wa Tsoho. Sai a karo na biyar ya tsaya ya karanta gargaɗin nan da yake ta kora. Turancinsa na tafiya ne da ɗingishi, amma kalma ɗaya ta tsaya masa a ido tsaf: furofayil. An ce ba a same shi ba. Ya buga tebur ya miƙe tsaye.

"Na kama ɓarawon! Jama'a, ku matso ku ƙaru. Hussaina, in aka cire miki hoton furofayil a wayarki, yaya kike ji?"

"Ba na jin komai."

"To ita tana ji! Ofdet ya goge mata hoton furofayil, shi ya sa take fushi tana zubar da kala. Wa zai yi aiki da daɗin rai ba shi da fuska a duniya?"

Ya goge firintar da gefen rigarsa, ya ja da baya, ya durƙusa, ya ɗauke ta hoto ta gaba da ta gefe. Ya tura hoton cikin kwamfuta ya kai wa akwatin gargaɗin. Akwatin ya ƙi karɓa. Ya sake, ya ƙi. Sai ya ja hoton ya sake shi a kan shafin fostar, ya zauna daram, ya danna bugu.

"Ta karɓa! Kun gani? Lallashi take so."

Daidai nan Eric mai keke Napep ya tsaya shan shayi, ya tarar da mai shayin a ƙofar Madam. Shi ya ɗauki takardar da ta fito ya karanta da ƙarfi. Hoton firinta ne ya rufe saniyar gaba ɗaya, koriyar firinta, a ƙarƙashin CIGIYA.

"Oga, firinta ya ɓata daga Sorau? Kuma yana da ciki wata bakwai? To Allah ya sauke shi lafiya, in ya haihu a ba ni ɗan fotokofi."

Mai shayi sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Tsoho ya daka musu tsawa.

"Gwaji ne! Kowane injiniya yana gwaji. Yanzu na gane kuskuren, kuma ba nawa ba ne. Furofayil na mutum ne, ba na inji ba. So take ta san wa ke tuƙa ta."

Ya goge hoton firinta ya nemo nasa na Sallah, wanda ya sha hula ya yi murmushin manya. Abu ɗaya da ya iya da gaske shi ne yanke bayan hoto, don kullum yana yi wa masu waya. Ya yanke kansa tsaf ya ajiye a kusurwar fosta. Ya rubuta hamsin a wurin adadi. Garin juyowa ya harari Hussaina, hannunsa ya ja linzamin kwamfutar bai sani ba, ya danna bugu, ya fita ƙofa yana yi wa jama'a lacca a kan halayyar injuna. Firinta ta yi ta tofo takardu a kife har hamsin suka cika.

"Eric, kwashi. Kasuwar shanu."

Eric ya kwasa ya juya ta sama. Ya ware ido. Ya kalli takarda, ya kalli Tsoho, ya sake kallon takarda.

"Oga, ka duba wannan kuwa?"

"Eric, kai direba ne ko injiniya?"

"Direba."

"To tuƙa."

"Amma Oga, fuskan ka..."

"Furofayil ne! Dole fuskata ta fito, ita ce maganin. Ka manna a ƙofa, a jikin tirela, a rumfar dillalai, a wurin masu tsire."

"Ko'ina, Oga?"

"Ko'ina!"

Tunda Eric ya fara tuƙin keke bai taɓa yin aike da zuciya ɗaya irin na ranar ba.

Tsoho ya rufe shago, ya sauya riga, ya fesa turare, ya hau acaɓa don ya je ya karɓi yabo da kansa. Tun daga nesa ya ga alamun nasara. Mutane na nuna shi da yatsa. Mata masu nono na rufe baki da mayafi. Ya ɗaga musu hannu, ya ce a ransa ashe haka suna yake da daɗi.

"Ga ta nan!" wani ya ƙwala. "Wallahi ga ta nan, da ƙafarta ta zo!"

Kafin ya sauka da kyau dillalai sun kewaye shi. Ɗaya ya ɗaga masa leɓe yana duba haƙora. Ɗaya ya bubbuga masa tumbi ya gyaɗa kai.

"Wata bakwai cif. Takarda ba ta yi ƙarya ba."

"Ku yi a hankali, an ce ba ta harbi, amma ban yarda da idon nan ba."

"A kawo dusa! A kawo kanwa!"

"Kai, ku sake ni! Kun san ko ni wane ne?"

"Mun sani mana, ga ki can a bango."

Ya ɗaga kai. A jikin ginshiƙin ƙofa ga saniya tsaye da ƙafa huɗu da tozo da wutsiya, amma a wuyanta kan Tsoho ne, kore shar, yana murmushin Sallah. Ƙahonin Woɗeye sun fito ta gefen hularsa dama da hagu, daidai kamar an auna. Ga wata a jikin rumfa. Ga wata a bayan tirela. Duk inda ya juya shi ne yake yi wa kansa murmushi, da cikinsa na wata bakwai.

Suka rako shi da tafi har bakin ƙofa, wani na riƙe da gefen rigarsa kamar igiya, suna kiran mai cigiya ya fito da tukuici. Zubair na tsaye a wurin da ɗaya daga cikin takardun a hannu. Ya daɗe yana kallon ta. A bayansa tireloli biyu sun cika sun rufe, ana loda ta uku.

"Malam," ya ce a hankali, "ni na ɓata saniya ɗaya. Na zo wurin ka, ka ɓata mini rabin rana. Me zan gaya wa yara?"

Dariyar wurin ta mutu. Tsoho ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Sai ga keken Eric ya keto taron yana hon. Madam Margret ta diro da jakar tafiyarta a kafaɗa da damin takardu a hannu, Hussaina na biye da ita tana haki. Kiran da Hussaina ta yi ne ya taso ta daga Michika, ta buɗe shago da ɗaya makullinta ta buga sabuwar fosta. Ba ta ko kalli Tsoho ba sai da ta miƙa wa Zubair takarda ɗaya. Woɗeye ce, ja mai duhu, farin goshinta tas, har sheƙin gashin wuyanta ya fito.

Dattijon ya ƙura wa takardar ido. "Shi ne. Wallahi shi ne. Useko, Madam, useko, na gode."

"Eric, Hussaina, ku raba wa masu lodi tukuna." Sannan ta juyo. "Malam Tsoho."

"Madam, ofdet ne ya cinye furofayil ɗin, ni kuma ina kan hanyar..."

"Bai cinye komai ba. Ya kwashe tsofaffin kaya na ne ya zuba a folda ɗaya, ya ba firinta direba, wato manhaja mai tuƙa shi, na kowa da kowa. Na kwafo fayil na, na mayar a wurin kala, na sa direban shi na asali, na zaɓi furofayil na takardan fosta. Minti goma, har da goge jan tawadan da ka zubar."

"Wace folda?"

"Wanda ka ce kwamfuta ya buɗe maka da sunan ka. Kwana ɗaya da yini kana zaune, maganin yana gaban ka da sunan ka a jiki."

"Ya ce ba a buɗe kyautar girma a gaban mutane," in ji Hussaina.

Taron ya sake fashewa. Cikin hayaniyar wani mai lodi, Zacharia, ya ɗaga sabuwar fostar sama. "Tsaya! Mai farin goshin nan? Yanzu na kora shi, yana layin tirela na uku!"

Zubair ya jefar da sanda ya ruga, kasuwa ta bi shi, Tsoho ma ya bi don ba shi da inda za shi. Sun tarar ƙafafunta na gaba har sun hau katakon lodi. Dattijon bai taɓa ta ba. Ya tsaya ya kira sunanta da irin kiran da yake mata a ruga. Ta tsaya cak, ta juyo da kai, ta yi wani dogon kuka, ta ja da baya ta sauko ta zo ta sa goshinta a ƙirjinsa. Ya rungume wuyanta yana mata Fillanci, hawaye na bin gemunsa bai damu da ya share ba. Mai garken ya zo yana ba da haƙuri, ya ce tun bakin mayo yake tambayar mai ita, masu lodi ne ba su san ba tasa ba ce.

Da Tsoho ya ga hankali ya kwanta, sai ya ji muryarsa ta dawo. Ya gyara hula ya yi gyaran murya.

"To, jama'a, yanzu kun ga dabarar. Wa ya tara kasuwa wuri ɗaya? Ba don fostata ba, wa zai tsaya ya kalli ta Madam? Mataki-mataki ake aikin injiniya."

Margret ta miƙa masa tafin hannu. Ya zaro makullin shago ya ajiye mata.

Woɗeye kuwa ta gaji da runguma, kwana biyu ba ta ci na kirki ba. Ta miƙa wuya jikin tirela inda Eric ya manna koriyar fuskar Injiniya, ta shinshina, ta naɗe takardar da harshe ta shiga tauna, hula da murmushi da komai.

"Kai! Bappa, hana ta, aikina take ci!"

"Bar shi, Malam," in ji Zubair yana shafa wuyanta. "Yau duk Mubi shi kaɗai ne yake rufa maka asiri."

Eric ya leƙa bakin saniyar, ya waiwayi bangon kasuwa.

"Oga, ka roƙe shi ya ƙara himma. Saura arba'in da tara."